Wanda Ya Sayi Rariya: Tarihin Tsofaffin Benayen Haɗaka a Biranen Lardunan Jafan

Gabatarwa

A shekarar 2023, matsakaicin farashin sabon sashe a dogayen benayen tsakiyar birnin Tokiyo ya haura yen miliyan 100, abin da ba a taɓa gani ba. A daidai wannan lokaci, a biranen larduna da dama mutum na iya mallakar sashe mai ɗakuna biyu ko uku, a benen da ya shekara arba'in, da kuɗin da bai wuce na sabuwar mota ba. A garin Yuzawa na lardin Niigata kuwa, an sha sa sashe a kasuwa kan yen 100,000, wanda bai kai albashin wata guda na sabon ma'aikaci ba. Duk mai hankali da ya ga irin wannan tazara zai tsaya ya tambayi dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

Jafanawa na kiran irin wannan gini da suna manshon. Bene ne na kankare da rodi wanda aka raba shi sassa-sassa, kowane sashe da mai shi, amma harsashi da bango da rufi da matakala da bututun ruwa da filin da ginin ke kai duk na kowa da kowa ne. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda irin wannan mallaka ta samo asali, yadda ta bazu daga Tokiyo zuwa larduna, da yadda ta tsufa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, arahar tsohon sashe a birnin lardi sakamako ce ta wasu shawarwari da aka yanke tun shekaru sittin da suka wuce. Jafan ta tsara hanyar shiga mallakar haɗaka da kyau, ta kuma yi jinkiri ƙwarai kafin ta tsara hanyar fita, kuma mai saye na yau shi ne ke gadon wannan jinkiri.

Daga toka zuwa kankare

Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa ta afka wa Tokiyo da Yokohama, gobara ta biyo baya ta lashe unguwannin gidajen katako, mutane fiye da 100,000 suka halaka. A shekarar 1924 aka kafa wata hukuma mai suna Dojunkai da kuɗin tallafin da aka tara, ta gina rukunin benaye na kankare a wurare 16 a biranen biyu. Daga nan talakan birni ya fara kallon kankare a matsayin garkuwa daga wuta da girgiza.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake mayar da biranen ƙasar toka. A 1945 gwamnati ta ƙiyasta cewa akwai gibin gidaje miliyan 4.2. Don cike shi aka kafa ginshiƙai uku: hukumar ba da lamunin gina gida a 1950, dokar gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi a 1951, sai Hukumar Gidaje ta Jafan a 1955, wadda ta shimfiɗa manyan rukunan benaye da ake kira danchi a gefen birane. Ɗakuna biyu da ɗakin girki mai wurin cin abinci, da banɗaki na iyali su kaɗai, sun zama burin duk matashin ma'aikaci.

Yawancin waɗannan gidaje na haya ne. Sayar da sashe ga mutum ya mallaka ya fara ne da benen Miyamasuzaka mai hawa 11, wanda gwamnatin Tokiyo ta gina a unguwar Shibuya a 1953, sannan wani kamfani mai zaman kansa ya bi sahu a unguwar Yotsuya a 1956. Nan da nan wata tambaya ta taso wadda tsohuwar dokar mallaka ba ta da cikakkiyar amsarta: idan mutum ya sayi ɗaki a hawa na bakwai, mene ne nasa, mene ne na maƙwabta?

Dokar 1962

Amsar ta zo a dokar mallakar sassan gini ta 1962. Dokar ta raba bene gida biyu: abin da ke cikin sashe na mai shi ne shi kaɗai, abin da ke wajensa kuma na tarayya ne, kowa da kasonsa gwargwadon faɗin sashensa. Da wannan banki ya samu abin riƙewa jingina, dillali ya samu abin sayarwa, magidanci ya samu takardar da zai bar wa 'ya'yansa.

Sai dai masu dokar sun yi ta ne a zamanin da kusan dukkan benayen sababbi ne fil. Ba su tanadi wata hanya ta musamman ba ta rushe gini a sake shi idan ya tsufa, don haka al'amarin ya koma kan ƙa'idar dukiyar tarayya, wato sai kowa ya yarda. Mutum ɗaya cikin ɗari na iya hana ruwa gudu. Sai a 1983 aka yi wa dokar gyara, aka ce idan kashi huɗu cikin biyar na masu sassa suka amince, ana iya sake ginin. Gyaran ya kuma tabbatar da cewa duk wanda ya sayi sashe ya zama ɗan ƙungiyar masu ginin kai tsaye, ko ya so ko ya ƙi. Wanda ya san yadda gidan gado yake zama idan magada sun yi yawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara kawo kuɗin yaɓe, zai fahimci nauyin da wannan ƙungiya ta ɗauka.

Nauyin yana da fuska biyu a kowane wata. Akwai kuɗin kula da gini na shara da lantarkin matakala da albashin mai kula, akwai kuma kuɗin asusun gyara, wanda ake tarawa domin babban aikin da ake yi duk bayan shekara 12 zuwa 15: toshe tsagar bango, sabunta rufi don kada ya yi yoyo, fenti, daga baya kuma canja bututu da na'urar hawa bene. A nan ne aka dasa matsalar da ta girma daga baya. Kamfanonin gini, don su jawo masu saye, sun saba sanya kuɗin asusun gyara ƙasa-ƙasa a shekarun farko, da nufin a riƙa ƙara shi mataki-mataki. Ƙarin kuwa sai taron masu gida ya amince, kuma ba kasafai mutane ke ɗaga hannu don a ƙara musu biya ba.

Yadda benen ya isa larduna

A 1968 yawan gidaje a Jafan ya zarce yawan iyalai a ƙasa baki ɗaya, a 1973 kuma hakan ta tabbata a kowane lardi. Gibin da yaƙi ya bari ya cike, amma gini bai tsaya ba, domin tattalin arzikin ƙasar ya riga ya ɗora ƙafa a kansa. A 1972 Tanaka Kakuei, ɗan asalin Niigata, ya zama firaminista da shirinsa na sake fasalin tsibiran Jafan, wato a shimfiɗa manyan tituna da layin dogo mai sauri don arziki ya isa larduna. Farashin fili ya tashi a biranen da a da ba a waiwayarsu, lamunin gwamnati ya fara shafar masu sayen sashe, benaye suka fara tsirowa kusa da tashoshin jirgin ƙasa na hedikwatocin larduna. Masu sayen farko akasari ma'aurata ne 'yan shekara talatin zuwa arba'in, kuma da yawansu sun ɗauki sashen a matsayin zango kafin su gina gida na kansu mai tsakar gida. Da dama daga cikinsu ba su taɓa tashi ba, kuma su ne dattawan da ke cikin waɗannan benaye a yau.

Ranar 1 ga Yuni 1981

Babu ranar da ta fi wannan muhimmanci ga mai neman tsohon sashe. Ranar 12 ga Yuni 1978 girgizar ƙasa ta tekun Miyagi ta jijjiga birnin Sendai, mutum 28 suka rasu, gine-ginen kankare da ake taƙama da su suka tsattsage. Wannan ne ya sa aka sake ƙa'idar gini, sabuwar ta fara aiki ranar 1 ga Yuni 1981. Tsohuwar ƙa'ida ta nemi gini ya jure matsakaiciyar girgiza, kamar mataki na 5 a ma'aunin Jafan wanda ya tsaya a 7. Sabuwar ta ƙara da cewa ko a babbar girgiza ta mataki na 6 zuwa 7 kada ginin ya rufta kan mutane. Abin lura shi ne, ranar da aka ba da takardar izinin gini ake dubawa. Benen da aka kammala a 1982 na iya zama na tsohuwar ƙa'ida idan izininsa ya fito kafin wancan Yuni.

Jarrabawar ta zo ranar 17 ga Janairu 1995, lokacin da girgizar Kobe ta kashe mutum 6,434. Binciken da aka yi bayanta ya nuna cewa ɓarna mafi muni ta fi yawa a gine-ginen da suka riga 1981, musamman waɗanda aka bar hawansu na ƙasa a buɗe, ginshiƙai kawai, don ajiye motoci. Girgizar ta kuma tona asirin doka. A benaye da dama maƙwabta sun rabu biyu, masu son a gyara da masu son a rushe a sake, matashi mai bashin banki da tsoho mai fansho kowa da hujjarsa, har wasu shari'o'in suka kwashe shekaru a kotu. Daga wannan darasi aka yi dokar ƙarfafa tsofaffin gine-gine a 1995, dokar kyautata kula da benayen haɗaka a 2000, da dokar sauƙaƙa sake gina su a 2002. Duk da haka, har yanzu akwai sassa kimanin miliyan ɗaya da ke cikin benayen tsohuwar ƙa'ida. Bankuna na ɗari-ɗari da ba da lamuni a kansu, rangwamen haraji ma ba ya samuwa cikin sauƙi, don haka wanda ya saya yau zai sha wuyar samun wanda zai sayar wa gobe.

Darasin Yuzawa

Yuzawa ƙaramin gari ne a cikin duwatsu, wanda marubuci Kawabata Yasunari ya sa ya yi suna da littafinsa kan ƙasar dusar ƙanƙara. A 1982 jirgin Shinkansen ya iso garin, a 1985 babbar hanyar mota daga yankin Tokiyo ta kammala, a 1987 aka yi dokar bunƙasa wuraren shaƙatawa. Lokacin ya zo daidai da abin da Jafanawa ke kira zamanin kumfa, sa'ad da farashin fili da hannun jari suka yi tashin gwauron zabi. Cikin 'yan shekaru aka gina benaye fiye da hamsin masu sassa kusan 15,000 domin masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, a garin da mazaunansa ba su kai 10,000 ba.

Kasuwar hannun jari ta kai ƙololuwa a ƙarshen Disamba 1989 sannan ta rikito, farashin fili ya bi ta daga 1991. Masu zuwa wasa suka ragu, amma wuraren wanka na ruwan zafi da na'urorin hawa bene da aikin kwashe ƙanƙara ba su daina cin kuɗi ba. Sashen da aka saya da miliyoyi ya koma abin da ake neman wanda zai karɓa ko da kyauta, saboda mai shi na biyan dubban yen duk wata kan ɗakin da ba ya kwana a ciki. A nan ne wata ƙa'ida ta dokar mallakar sassa ta bayyana ƙarara: bashin kuɗin kula da gini yana bin sashe, ƙungiya na da ikon neman sa daga sabon mai saye. Wanda ya ga yen 100,000 ya yi murna na iya tarar da bashin shekaru yana jiransa a bakin ƙofa.

Tsufa biyu

Yawan al'ummar Jafan ya kai ƙololuwa a 2008 da kimanin mutum miliyan 128, daga nan ya fara raguwa, kuma larduna ne suka fi jin jiki domin matasansu na kwarara zuwa Tokiyo. A 2014 rahoton da Masuda Hiroya, tsohon gwamnan Iwate, ya jagoranta ya lissafa ƙananan hukumomi 896 da ke cikin haɗarin shuɗewa. Ƙidayar gidaje ta 2023 ta sami gidaje miliyan 9 babu kowa a ciki, kashi 13.8 cikin ɗari na dukkan gidajen ƙasar, kuma a lardunan Wakayama da Tokushima adadin ya haura kashi 21.

Jami'an Jafan na kiran halin da benayen haɗaka ke ciki da tsufa biyu, wato tsufan gini da tsufan mazauna. Daga cikin sassa kimanin miliyan 7 da ke ƙasar a ƙarshen 2023, kusan miliyan 1.4 sun kai shekara arba'in ko fiye. Binciken ma'aikatar filaye da sufuri ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na benaye ba su tara abin da tsarin gyaransu ya tanada ba. Lokacin da gini ya fi buƙatar kuɗi shi ne lokacin da masu shi suka koma rayuwa kan fansho. Idan tsoho ya rasu, 'ya'yansa da ke Tokiyo ko Osaka na iya zuwa kotu cikin wata uku su yafe gadon baki ɗaya, sashen ya zauna ba mai biya, ba mai jefa ƙuri'a a taro.

Mai karatu zai ce, to me zai hana a rushe a sake? Lissafin ne ba ya fita. Zuwa 2024, benayen da aka taɓa sake ginawa a duk faɗin ƙasar ba su wuce kimanin 300 ba, kuma mafi yawansu a yankunan Tokiyo da Osaka suke. Misali mafi shahara shi ne rukunin Suwa a sabon garin Tama da ke gefen Tokiyo, inda sassa 640 suka koma 1,249 a 2013. An sayar da ƙarin sassan, kuɗinsu ya ɗauki nauyin aikin, tsofaffin mazauna suka koma sababbin ɗakuna. Wannan dabara na buƙatar abu biyu, sararin ƙara hawa da kuma masu saye. Birnin lardi da mutanensa ke raguwa ba shi da na biyun, don haka kowane mai sashe sai ya zaro miliyoyi daga aljihunsa, kuma ɗan shekara saba'in da biyar ba shi da dalilin yin haka.

Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a birnin Yasu na lardin Shiga. Wani bene mai hawa uku da sassa tara, wanda aka gina a 1972, ya zauna fiye da shekara goma babu mazauni, babu ƙungiya mai aiki, babu asusun gyara. Bangonsa ya zube, sinadarin asbesto mai cutar da huhu ya fito fili a gefen hanya. A 2020 hukumar birnin ta rushe shi da kanta kan kuɗi kimanin yen miliyan 118, sannan ta bi masu sassan da takardar biya, abin da ya kama kusan yen miliyan 13 kan kowane sashe. Dukiyar da aka saya don a bar wa 'ya'ya ta rikiɗe ta zama bashi.

Inda arahar ke da amfani

Adalci ne a faɗi cewa larduna ba ɗaya suke ba. Fukuoka da Sendai da Hiroshima sun daɗe suna janyo mutanen yankunansu, kuma tsohon sashe kusa da tasha a irin waɗannan birane yana riƙe darajarsa. Birnin Toyama ma ya nuna cewa ƙaramin birni na iya zaɓar inda zai tattara ƙarfinsa. A ƙarƙashin magajin gari Mori Masashi, birnin ya mayar da wani tsohon layin dogo ya zama layin taragon lantarki na cikin gari a 2006, ya kuma riƙa tallafa wa masu sayen gida a tsakiyar gari da bakin layukan sufuri. A 2014 gwamnatin ƙasa ta ba ƙananan hukumomi damar shata yankunan da suke son jama'a su taru. Tsofaffin da suka gaji da kwashe ƙanƙara daga rufin gida, ko suka ajiye tuƙi, suna komawa benayen da ke kusa da asibiti da kasuwa. Benaye biyu masu shekaru ɗaya, ɗaya cikin shatar ɗaya a wajenta, makomarsu ta sha bamban.

Shi kansa kankaren ba shi ne ke fara gazawa ba. Shekara 47 da dokar haraji ta yanka wa gidan kankare lissafin akanta ne, kuma ginin da ake toshe tsagarsa a kan kari, ruwa bai kai ga rodinsa ba, yana iya wuce haka nesa. Gwamnati ma ta fara gyara abin da ta bari a baya. Daga Afrilu 2022 ƙananan hukumomi na ba da shaidar kyakkyawan tsari ga benayen da suka cika sharuɗɗa. Daga Afrilu 2024 rajistar gadon fili da gini ta zama tilas. A Mayu 2025 majalisar dokoki ta yi wa dokar 1962 babban gyara wanda aka tsayar da Afrilu 2026 a matsayin lokacin fara aikinsa: ginin da ba zai jure girgiza ba ana iya sake shi da amincewar kashi uku cikin huɗu, kotu na iya cire waɗanda aka rasa inda suke daga lissafin ƙuri'a, kuma masu rinjaye na iya yanke shawarar rushe gini ko sayar da shi tare da filinsa. Shekara 63 ke nan tsakanin buɗe ƙofar shiga da faɗaɗa ƙofar fita.

Kammalawa

Hausawa na cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tarihin da aka bi a sama ya nuna inda ramukan wannan rariya suke, ya kuma nuna cewa ana iya ƙirga su kafin a biya kuɗi. Ranar izinin gini tana faɗin ko benen ya riga darasin Sendai ko ya biyo bayansa. Tsarin gyara na dogon zango da abin da ke cikin asusu suna faɗin ko mazaunan farko sun yarda su ƙara wa kansu biya a shekarun da suke da ƙarfi. Rahoton tarukan ƙungiya yana nuna mutum nawa ke halarta, sassa nawa ake bi bashi, da ko akwai mai karɓar shugabanci idan na yanzu ya gaji. Taswirar ƙaramar hukuma kuma tana nuna ko motar haya da asibiti za su ci gaba da kasancewa a unguwar nan da shekara ashirin.

Sabon fenti da sabon ɗakin girki abu ne da dillali zai iya yi cikin wata guda, kuma su ne ido ke fara gani. Abin da maƙwabta suka tara ko suka kasa tarawa cikin shekara arba'in ba ya gyaruwa da kuɗin mutum ɗaya. Idan takardun suka nuna jama'a mai riƙon amana, tsohon sashe a birnin lardi na iya zama mafi sauƙin hanyar samun muhalli mai kyau a ƙasar da sabon gida ya gagari matasa da yawa. Idan kuwa suka nuna akasin haka, mai saye ya karɓi kason wani ne a cikin kuɗin rushewa, kamar yadda masu sassa tara na Yasu suka gani a 2020.